Bushiyar Yaya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na gan ta a kasuwa.

Tawada na je saye a layin masu kayan makaranta, ina ɗaga kai sai ga Gwaggo Bushiya rataye a ƙofar wani shago, an buga ta a bayan jakar makaranta. Ba ɗaya ba, ba biyu ba: ga ja, ga shuɗiya, ga mai ruwan hoda. Tabaraunta a kan hanci, tef ɗin awo a wuya, tana zaro ƙaya daga gadon bayanta za ta yi allura da ita. Na juya jakar ciki da waje. Sunan wani kamfani ne a jiki, babu sunan Yaya ko a lungu.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, ɗauki ɗaya mana, yara rububinta suke yi." Na ce masa na san ta. Ya ce, "To wa bai san ta ba?" Na sayi ja na fito, na manta da tawadar.

Shekara goma sha tara ke nan tana fitowa a shafin ƙarshe na mujallar yara. Yayana ne ya ƙirƙiro ta, a kan teburin falonmu, lokacin ina 'yar makaranta. Bushiya ce tela, ga faɗa ga rashin iya awo. Ta taɓa ɗinka wa raƙumin dawa riga mai gajeren wuya, ta rantse wuyansa ne ya ƙaru a hanya.

Wadda ke jikin jakar daga mujallar watan bakwai na bara aka ɗauke ta. Na san inda tawada ta ɗiga a rigarta aka rufe wurin da maɓalli.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba shi da bakin kai rahoto.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan tun ranar nan da aka kwashi Yaya zuwa asibiti. Ƙafa ta dawo rabi da rabi, magana ta dawo, hannun dama bai dawo ba. A gadon asibiti ya ce min, "Bahaguwa, riƙe min ita wata uku. Kada Edita ya ji." Wata ukun ne har yau. Ni ke zana ta, ni ke kwaikwayon sa hannunsa a ƙasan shafi, ni ke kaiwa ofishin mujalla in ce Yaya ya aiko ni. Daga ni sai shi sai Anti, matarsa, muka sani.

Bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Duk wata Anti ke ɗora sabuwar mujalla a saman kabad, a cikin ledarta. Ya ce sai ranar da ya karɓi abarsa zai duba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Edita ya kira. Shi ma ya gani, 'yarsa ce ma ta dawo gida da jakar a bayanta tana murna. Ya ba ni lambar wata lauya da ta san harkar haƙƙin mallaka. Zai kashe waya ya ce, "Ki gaishe min da mutumin. Ki ce masa tunda ya tashi daga jinyar nan hannunsa ya ƙara zaƙi."

Na ce zai ji. Ba zai ji ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai masa jakar. Na same shi a baranda yana matsa ƙwallon robar da likita ya ba shi. Ya karɓa da hagu, ya ɗora a cinya, ya sa tabarau. Na zaci faɗa zai yi. Dariya ya fashe da ita, irin wadda rabona da jin ta tun kafin asibiti.

"Kai, ɓarayin zamani! Satar ma ba su iya ba. Dubi hanci kamar an dunƙula sabulu. Wannan igiyar ta wuya fa, akuya ce? Dubi ƙayoyi, duk sun kwanta a karkace kamar iska ta kaɗa ta. Bahaguwa, wane makaho suka ba wannan aiki?"

Anti ta miƙe, wai ta bar abu a wuta. Babu abin da ta bari a wuta.

Na ce, "Ai ka san 'yan kwaikwayo, Yaya."

Ya ce lallai a kai su ƙara, ba don satar ba, don cin mutuncin da suka yi wa Gwaggo. Ya yi ta dariya har da tari, na miƙa masa ruwa.

Kamfanin nan bai canza ko ɗigo ba. Abin da na zana shi suka buga.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Hancin ba kamar sabulu yake ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Lauya ta ce a kawo duk zanen asali, tun daga na farko. Suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi a gidan Yaya. Yaya bai taɓa sanin inda ya ajiye makullinsa ba, amma bayan kowace takarda akwai kwanan wata, ko ɗaya bai tsallake ba. Rajista ce dai bai yi ba. Sau nawa na yi masa magana? Amsarsa ɗaya ce: "Wa zai saci bushiya, ƙaya ta soke shi?"

Na samu na farkon a bayan wani tsohon ambulan. Ba ta da tabarau tukuna, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma faɗan nan yana fuskarta tun ranar. Na zauna a ƙasa ina dubawa har ƙafata ta mutu.

Nawa guda ashirin da takwas suna gidana. Na sa su a ƙarƙashin nasa, kamar mai ɓoye ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ofishin Lauya a hawa na biyu yake, saman wani kantin magani, ga wata fanka tana kuka kamar za ta faɗo. Gajeriyar mace ce, ba ta ɓata baki. Ta shimfiɗa zanen a kan tebur shekara bayan shekara. Ta ce abu na wanda ya ƙirƙire shi ne ko bai yi rajista ba, amma takarda na rage doguwar magana, don haka za ta nemi rajistar, ta kuma rubuta wa kamfanin. Sai ta miƙo min biro in rubuta adireshin Yaya. Na rubuta. Ta kalli hannuna, ta kalli gefen tafina inda tawada ba ta taɓa fita ba, ta koma ta kalli tebur.

"Malama, shekara goma sha shida da ɗoriya ƙayoyin bushiyar nan suna kwanciya gefe guda. Daga nan," ta ɗora yatsa a kan na farkon nawa, "suka juya. Mai hannun dama in zai ja layi da sauri, haka yake ja. Bahago kuma haka. Ni da ko ƙwai ban iya zanawa ba na gani. Kina tsammanin lauyan kamfani ba zai gani ba?"

Shekara biyu ina kwaikwayon tabarau, kunne, yatsu, har sa hannu. Ban taɓa tunanin ƙaya ba. Wajen ƙaya ɗari uku ce a kowane shafi, mutum ba ya tsayawa tunani a kansu, hannu ne ke zubawa.

Na faɗa mata komai. Ta ce ba za ta sa mutum ya rantse a kan zanen da ba shi ya yi ba. Hanya biyu ce. Ko in nemi a rubuta cewa abin da na ƙara nawa ne, a sa sunana kusa da nasa, ko in sa hannu in miƙa masa duka, maganar ta zama ta mutum ɗaya, ta fi sauri kuma ta fi ƙarfi. Ko wacce na zaɓa, dole ya zo ya zauna a kujerar nan ya ga abin da zai sa wa hannu.

Ta ce, "Ya san kin canza ta?"

Na ce mata fankarta na buƙatar a sa mata mai.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na gwada rubuta sunana a ƙasan wani tsohon shafi. Sau ɗaya. Bai yi muni ba. Na yaga.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba da gangan na canza ta ba. Tef ɗin nan a wata na biyar na ƙara, don na kasa haɗa wuya da kafaɗa yadda yake yi, sai na rufe wurin. Yara suka so, suka riƙa zano ta da shi suna aikowa. Hancin kuma da kansa ya yi ta zagaye, ban ce masa ya yi ba. Daga baya na daina ajiye zanensa a gabana kafin in fara. Ban san ranar da na daina ba.

Ƙarya nake, na san ranar.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Anti ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Don girman Allah ki rufa mana asiri. Bushiyar nan ce ke tashinsa da safe ya kama motsa hannun nan. Ki bar musu jakunkunan, su je su ci."

Na ce in aka bar su yau, gobe a littafi za su buga ta, jibi su yi rajista da sunansu, mu mu koma ɓarayin abinmu.

Ta ce, "Ke dai kina so a san ke ce."

Na faɗi magana, ta faɗi magana. Na wanke kofunan da ba ni na ɓata ba, na ɗauki jakata na fita ba sallama. Shekara biyu wannan matar tana ɗaga shi tana kwantarwa, ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai yau. Abin da ya fi yi min ciwo, na kasa ce mata ƙarya take.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Shafin wata mai zuwa na kan tebur. Gwaggo za ta ɗinka wa maciji wando. Na yi ƙaya goma sha biyu da hannun dama don in gani. Kamar kaza ta bi ta kan takardar.

Gobe za mu je wurin Lauya da Yaya.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun je. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Matakala ashirin da biyu ce, da kansa ya hau da sandarsa, ya ƙi a riƙe shi. Rigarsa ta fita ya sa, har da turare. Yana zama ya fara yi wa Lauya barkwancin makahon da ya zana jakar. Ta kalle ni. Na kalli ƙasa. Sai ta ciro shafin watan bakwai, na asali, ta ajiye kusa da jakar.

Ya daɗe yana kallo. Ya juya takardar ya ga kwanan wata da rubutuna. Ya sake juyowa. Ya bi sa hannun da ke ƙasa da ɗan yatsa, sa hannunsa da ba shi ya yi ba.

Lauya, baiwar Allah, ta so gyarawa ta ƙarasa ɓatawa. Ta ce Edita ya ba da shaida a rubuce cewa a shekara biyun nan wasiƙun yara sun ninka, wannan zai taimaka ƙwarai.

Yaya ya ce, "Sun ninka."

Ta ce, "Sun ninka, ranka ya daɗe."

Na jawo takardar miƙa haƙƙi na sa hannu tun kafin a tambaye ni wacce na zaɓa. Sunana cikakke a layi ɗaya da na Gwaggo Bushiya, karo na farko ke nan, a takardar da ke cewa ba ni da komai a cikinta. Shi kuma ya dangwala babban yatsansa na hagu.

Mota ta sauke mu a ƙofar gida. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari," ya kira ni da sunana na gaskiya. Rabon da ya kira ni da shi tun ina firamare, ranar da na fasa masa kwalbar tawada. Da ma zagina ya yi.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Anti ta kira. Mun shirya ba tare da kowa ya ce a yi haƙuri ba. Ta ce ya sa ta sauko da mujallun duka, ya shige ɗaki da su ya rufe ƙofa. Da haƙori yake yage ledar. Ta ji shi ya yi dariya sau ɗaya, sai ya yanke kamar wanda aka kama yana laifi. Abinci kuwa sai dai ta kai ta kwaso. Ƙwallon robar tana ƙarƙashin kujera tun Laraba.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je. Wai yana barci. Rediyo na magana a ɗakin.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wai yana barci.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe uku na rana

Lauya ta ce gara Edita ya ji daga bakina kafin ya gani a takarda. Na gaya masa a tsaye, ban ko zauna ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Shekara biyu kina shigowa nan kina gaishe ni, ina yabon hannun mutum a gaban mai hannun?"

Na ce haka ne.

"To ai shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce. Daga yanzu a sa sunanku ku biyu, shi mai ƙirƙira, ke mai zane. Amma ki kawo min izini a rubuce daga mai ita, kin ga yanzu komai sai da takarda. Tara ga wata nake rufe shafi."

Na fito ina jin daɗi. Kafin in kai bakin titi na fara jin kunyar jin daɗin, amma bai tafi ba.

Litinin, 2 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Na gama shafin maciji. Wando mai ƙafa ɗaya, ya shiga ya kasa fita, Gwaggo ta ce masa ai haka ake yayi. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Na bar ƙasan shafin babu sa hannu.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Lauya ta kira. Kamfanin sun amsa: za su janye jakunkunan, sun kuma rubuta ba za su sake ba. An karɓi takardun rajista, da sunan Yaya shi kaɗai.

"Mun yi nasara, Malama. Daga yau ba mai zana ta ya fitar sai da izininsa."

Ta shirya min takardar izinin, layi biyar ce kacal, in kai masa ya dangwala. Na yi mata godiya sosai. Ta cancanta.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau bai yi barci ba. Yana baranda, ya yi aski, ƙwallon na hannunsa. Na gaishe shi, na ba shi labarin kamfani, ya ce madalla. Na miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu.

"Wato in ban yarda ba, ba wanda zai zana ta?"

"Haka Lauya ta ce, Yaya."

"Ko ke?"

"Ko ni."

Ya ninke ta da hannu ɗaya a kan cinya, ya miƙo min.

"Wata uku na ce ki riƙe min. Ban ce ki yi ta renonta har ta manta gidansu ba. Na karanta su duka. Kin iya. Wallahi kin iya, shi ya sa. In na bar miki ita wata shekarar, ranar da hannuna ya dawo yara za su ce wane makaho ne ya ɓata musu Gwaggo."

Na ce, "Yaya, ai likita ya ce…" Anti ta taka min ƙafa.

Ya ce, "Ki yi taki mana. Dabbobi sun ƙare a duniya ne?"

Na so in yi ihu har maƙwabta su fito. Na so in ce masa ni na tono akwatin, ni na hau benen Lauya sau shida, ni na sa hannu na ba shi igiyar da yake ɗaure ni da ita. Na ce to. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na sha ruwan da Anti ta kawo har ƙasa, don in samu abin da zan ɓoye fuskata.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba na son zomo. Ba na son kunkuru. Ita nake so, ga shi na rubuta. Na san abin da za ta ce tun kafin in zana bakinta.

Ina jin haushinsa kamar in mutu. Kuma da ni ce a kujerar nan, abin da zan yi ke nan.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na kira Lauya. Ta ce in a littafina na gida ne, ba wanda zai zo ya kama ni. Ba a littafin gida nake son ta ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya sa Anti ta kira ni. Ina shiga na ji, "Bahaguwa, zo nan."

Yana zaune a tebur, ga farar takarda a gabansa. Anti ta ɗaura masa fensir a yatsun dama da ƙyalle, don kada ya suɓuce.

"Danne min takardar kar ta gudu. Kar ki taɓa hannuna."

Awa ɗaya da kwata. Zufa na ɗiga daga haɓarsa, bai yarda a goge ba. Kafaɗa yake turawa, hannun na bi a baya. Wani dunƙule ya fito, sai layuka a bayansa, wasu sun zarce takardar sun hau tebur. Sai abu biyu masu kama da tabarau, ɗaya a fuska, ɗaya can wajen kunne. Duk sanda layinsa ya kauce yatsuna na motsi da kansu, na danne su a kan takardar har suka yi fari.

Ya jingina da kujera yana haki. Ya kalli takardar, ya kalle ni.

"Ta fito?"

Anti na tsaye a bayansa, idonta a kaina.

Na ce, "Ta fito, Yaya."

Ya yi murmushi da rabin bakin da ke yi. Ya ce, "Gobe Edita ke rufe shafi, ko? Ki kai masa."

Tana cikin jakata, kusa da shafin maciji. Ƙarfe tara ofishin mujalla ke buɗewa.